Gyambon da Ban Duba Ba a Bakin Malam Bello

Gwarzo,
ranar Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Rabi, Uwata ta kaina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Kabo lafiya, kin tarar da Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta lafiya. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta, ya kuma sabon wurin aiki? Allah Ya sa kin shiga a sa'a, Ya tsare ki fita da shiga. Mu nan lafiya lau muke. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali tsakanin Gwarzo da Kabo ba wata tafiya ba ce. Maganar da ke cikinta ce na kasa faɗa miki baki da baki. Ranar da za ki tafi na zaunar da ke a zaure da niyyar in faɗa, sai na ɓige da cewa ki riƙe salla, ki girmama na gaba da ke. Waɗannan kin san su tun kina ƙarama. Abin da ba ki sani ba shi ne kura-kuran da na tafka a aikin haƙorin nan da kika gada, kuma gara ki ji su daga wurina, ko Allah Zai sa ki tsallake ramin da na faɗa.

Kin tuna Malam Bello na Kara? Dogon mutumin nan da yake zuwa gidanmu da rawani naɗe har haɓa, wanda kike ɓuya a bayan ƙofa in kin ji sallamarsa, don maganarsa ba ta fita sosai. Labarinsa ne.

Iyayensa makiyaya ne, shi kuma ya zauna ya kama noma, yana da 'yan shanunsa. Na fara ganinsa a zamanin tsuke bakin aljihu, ina matashin ma'aikaci a ɗakin haƙori. Ke ba ki san wannan zamani ba. Safar hannu sai mu wanke mu shanya mu sake sawa har ta yage. Allurar kashe zafi in ta zo, sati biyu ta ƙare. Fitilar kujera ta mutu ba a gyara ba, sai dai in juya mutum ya fuskanci taga. Ranar kasuwa kuwa layi har bakin bishiyar darbejiya. Ba don in wanke kaina nake faɗa miki wannan ba. Abin da ya kamata in yi wa Malam Bello ba ya buƙatar wuta ko allura.

A irin wannan ranar kasuwa ya zo. Ya zauna, ya nuna turminsa na ƙasa a hagu, ya ce, "Malam, wannan haƙorin ne yake yankar mini harshe. A raba ni da shi."

Haƙorin ya ɓalgace, yana da kaifi. A gefen harshe, daidai inda yake gogarsa, akwai ɗan gyambo kamar ƙwayar wake. Na ce a raina, ga mai laifi ga ɓarnarsa. Ina shirya awartaki yana cewa, "Tun kafin shuka abin nan yake nan, ga shi kuma ba ya ciwo." Lokacin ana yankan gero. Kunnena ya ji, amma hankalina yana kan mutanen da ke waje. Na cire haƙorin, na danna masa auduga, na ce ya riƙa kuskure baki da ruwan gishiri. Ban ce ya dawo ba.

Uwata, gyambon baki na yau da kullum yana da zafi, kuma cikin sati biyu yake warkewa. Wanda ya wuce sati uku bai warke ba, ki ɗauke shi a matsayin ciwon daji har sai an tabbatar ba shi ba ne. Rashin ciwonsa kada ya kwantar miki da hankali, don da fari haka yake zuwa, shiru. In kin zargi haƙori mai kaifi, ki goge kaifin ko ki cire shi, amma ki yanka wa mutum ranar dawowa, ki rubuta sunansa da ƙauyensu. In ya dawo gyambon yana nan, to ba haƙorin ba ne. Kuma kowa ya zauna a kujerarki, ko me ya kawo shi, ki dubi bakin gaba ɗaya: leɓe ciki da waje, kunci, dasashi, ganɗa, ƙarƙashin harshe. Ki kama harshen da ƙyalle mai tsabta ki jawo shi ki dubi gefensa har can baya. Farin tabo da ba ya gogewa, jan tabo mai santsi, haƙorin da ya kama girgiɗa shi kaɗai ba dalili, leɓen da ya mutu ba ya jin taɓi, duk ki tsaya a kansu. Minti biyu ne. Ni minti biyun nan na hana Malam Bello.

Bayan an gama kai amfanin gona gida ya dawo. Ya ce kunnensa na hagu yana masa ciwo, kuma haɗiya ta fara yi masa wuya. Gyambon ya ƙara faɗi, bakin yana ɗan wari. Ranar ba mu da safar hannu ko ɗaya, sai na leƙa daga nesa, na ba shi kafso da ruwan kuskure baki. Ya sha, ya dawo, na canja masa wani kafson. Sau uku muna haka.

A zuwansa na biyar Allah Ya sa ya dace da wani babban likita da yake zuwa mana daga Kano lokaci-lokaci. Likitan ya wanke hannu da sabulu, ya naɗe yatsa da ƙyalle, ya taɓa bakin gyambon. Sannan ya zagaya bayan kujera ya sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya bi wuya a hankali. Ya kira ni ya ce in sa hannuna inda nasa yake. Na ji kaluluwa mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba ta motsi, kuma Malam Bello ko gezau bai yi ba da na danna. Gefen gyambon ma haka, tauri kamar an dasa tsakuwa a cikin nama.

Likitan ya tambaye shi, "Baba, kana shan taba?"

"Ba na shan sigari."

"Ta gari fa?"

Malam Bello ya yi murmushi, ya zaro 'yar batta daga aljihu. Garin taba da kanwa yake ɗurawa a kunci tun yana saurayi yana bin shanu, kuma kullum a hagu. Sau huɗu yana zama a gabana ban taɓa tambayarsa ba.

Da muka keɓe, likitan bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Wa ya fara ganin mutumin nan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Yaushe?" Na faɗa masa. Sai ya ce, "Kafso ba ya warkar da abin da ba ka san sunansa ba."

Don haka ki taɓa. Ido yana ganin faɗi, yatsa ne yake jin tauri. Kaluluwar ciwon haƙori tana da zafi, tana motsi, tana sacewa in an yi magani. Mai tauri, marar zafi, wadda ta kafe wuri ɗaya, wannan ta tura mutum gaba ce a ranar. Magani in kin ba da sau ɗaya bai yi ba, kada ki canja masa kala ki sake bayarwa. Ke ba za ki iya cewa daji ne ko ba shi ba ne, sai an yanki ɗan nama an auna. Aikinki ki yi zargi da wuri.

Kuma ki yi tambaya. Taba ta hayaƙi, ta gari, ta tauna, da giya. Yanzu da aka ƙaddamar da shari'a, ba wanda zai amsa miki maganar giya a gaban mutane, wasu ko tabar ma sai su musanta. Ki sallami 'yan rakiya, ki sassauta murya, ki ce don magani kike tambaya. Ke ba alƙali ba ce. Abin da aka faɗa miki a ɗakin nan amana ce, ko Gwaggonki kada ta ji. Tsofaffin mata ma suna sa garin taba, kada ki ce don mace ce ba sai kin tambaya ba. Kuma na ga wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba ciwon ya kama shi, saboda haka rashin taba ba ya wanke gyambo.

Kuskurena na uku shi ya fi damuna, don na farko da na biyu rashin sani ne, wannan kuwa tsoro ne. Likitan ya rubuta takardar tura shi babban asibiti a Kano, ya bar mini in yi masa bayani, ya wuce. Malam Bello ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Na ga kun yi ƙus-ƙus."

Na ce, "Lafiya lau. Ɗan gwaji ne kawai za su yi maka. In ka sami sarari ka je."

Ya ninke takardar ya sa a cikin hula. Mutumin da ke da shanu da rani, yaushe zai sami sarari don ɗan gwaji? Ya koma gida, aka haɗa shi da mai maganin gargajiya, ana shafa masa wani gari mai ƙuna. Ni kuma na sa a raina ya je Kano, don haka ya fi mini sauƙi.

Wata uku bayan nan wata mata ta yi sallama a ƙofar ɗakin aiki. Ta ce ita ce Dije, matar Malam Bello. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, mutumin nan tuwo ya gagare shi, sai kunu. Ya ce kai ka ce ba komai. Ni na zo in ji da kunnena. Ba komai ɗin ne?"

Na ce, "Akwai komai."

"To me ya hana ka faɗa masa?"

Ta ƙara da cewa, "Shi ba yaro ba ne. Ya binne iyayensa, ya binne 'ya'ya biyu. Ka zo ka faɗa masa."

Washegari na ari babur na tafi Kara. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, ya rame. Bayan mun gaisa na ce, "Malam Bello, na ɓoye maka magana. Likita yana zargin ciwon daji ne a harshenka. Ana maganinsa, amma kowane sati da ya wuce yana ƙara wa aikin wuya." Ya karanta abin da ya karanta, sannan ya ce wa Dije ta ɗauko hular nan. Kwana biyu bayan nan suna Kano.

Ki faɗa wa mutum gaskiya gwargwadon abin da kika sani. Kada ki ce daji ne tabbas, kada kuma ki ce ba komai. Ki ce, "Ina tsoron kada ya zama ciwon daji, shi ya sa nake so ka je cikin satin nan." Ki nemi wanda zai raka shi, ki yi bayanin a gabansa in mai ciwon ya yarda. In mace ce, ki roƙi a kira mijin, ki yi masa bayani da ladabi, don sau da yawa tafiyar a hannunsa take. Bayan sati ki aika a tambayo ko sun je. Miƙa takarda ba shi ne ƙarshen aikinki ba.

An auna, aka tabbatar. Aka yanke kusan rabin harshen, aka buɗe wuya aka kwashe kaluluwar. Daga nan aka tura shi can kudu, don a lokacin can kaɗai ake gashi, wato a kwantar da mutum a ƙarƙashin na'ura tana haska wurin ciwon kullum har makonni. Dije ce ta bi shi, ita da ba ta taɓa wuce Kano ba.

Da suka dawo ya zo gaishe ni. Ciwon ya kwanta, amma bakin ya bushe ƙamas. Gashin ya kashe masa miyau. Harshe yana manne wa ganɗa, abinci ba ɗanɗano, bakin ba ya buɗuwa sosai. Ya ce, "Malam, kamar na tauna toka nake ji." Ni kuma, da nake neman hanyar kyautata masa, sai na ce ya riƙa tsotsar alewa don miyau ya zo. Ya bi maganata sau da ƙafa. Cikin 'yan watanni haƙoransa suka ruɓe daga gindi, zagaye da dasashi, suna ɓarewa kamar alli. Ban san miyau ne yake tsare haƙori ba sai da na ga bakin da babu shi.

Wanda aka yi wa gashi, ki hana shi alewa da shayi mai sukari a kai a kai. Ya riƙe gorar ruwa yana kurɓa. Ya kuskure baki sau da yawa da ruwa mai ɗan gishiri, ba mai zafi ba. Buroshi mai taushi da man goge baki safe da yamma, asuwaki in zai yi to mai laushi, a hankali. Ya nisanci yaji da abinci mai zafi lokacin da bakin ya saɓule, a dama masa abu mai ruwa-ruwa don kada yunwa ta ƙarasa abin da ciwo ya fara. In kin ga farin abu kamar gudajin nono a harshe da kunci, wanda in an goge yake barin ja, wannan yana da magani, ki ba shi. Ki koya masa buɗe baki da rufewa kullum don kada muƙamuƙi ya ƙage. In azumi ya zo ya kasa, ki tuna masa Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, ya tambayi malaminsa. Malam Bello sai da limaminsu ya yi masa magana ya yarda ya ajiye.

Sai na ƙarshe. Ɗaya daga cikin ruɓaɓɓun haƙoran, na ƙasa a hagu, ya hana shi sakat. Ya zo ya ce in cire. Na cire cikin sauƙi, har ina jin daɗin na rage masa wahala. Ramin bai rufe ba. Sati biyu, wata guda, wata biyu, sai ga ƙashi fari a fili, yana ruwa. Na mayar da shi Kano da kaina. A can aka gaya mini ƙashin da gashi ya ratsa jini ba ya isarsa kamar da, in aka yi masa rauni ba ya warkewa, mutuwa yake yi. Sai da aka yanke wani ɓangare na muƙamuƙin. Rawanin da kika san shi da shi, abin da yake rufewa ke nan.

Kafin ki sa awartaki a bakin kowa, ki tambaya, "An taɓa yi maka gashi a kai ko a wuya? Ana yi maka ƙarin ruwan maganin daji?" Ki dubi wuya ko akwai tabon aiki, ko fatar ta yi duhu, ko gemu ya daina fita a gefe ɗaya. In an yi gashi, ko shekara goma ne, kada ki cire, ki rage masa zafi ki tura shi wurin waɗanda suka yi masa aikin. In yana kan maganin daji, jininsa yakan yi ƙasa, ƙaramin rauni ya yi ta zuba, ƙaramin ƙurji ya zama babba. Ba a taɓa shi sai an auna jini kuma likitansa ya yarda. In ya zo da zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, ba na gobe ba. Wanda kuma za a fara yi wa gashi, a gyara bakinsa tun kafin a fara, a cire abin cirewa, ramin ya warke.

Malam Bello ya yi shekara huɗu bayan wannan. Bai daina zuwa gidanmu ba, abin da har yau yake ba ni kunya. Wata rana da hantsi muna zaune a zaure, ya ce da muryar nan tasa da sai ka kasa kunne, "Malam, ina da tambaya. Ran da na fara zuwa, da ka gane, da abin ya kai haka?"

Na ce, "Allah ne Masani. Amma a ganina da ɗan wuri kaɗan za a yanke, da wataƙila ba a kai ga gashi ba."

Ya ce, "Abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma na ji daɗi da ba ka yi mini ƙarya karo na biyu ba." Can ya ƙara da cewa, "Na yafe. Sai dai ka riƙa dubawa."

Daga nan ya zama duk wanda ya ji yana kukan baki a ƙauyukansu, sai ya turo mini shi. Yawancinsu ba komai. Amma a cikinsu akwai ƙanwarsa Hajjo, wadda ke aure a Kabo, inda kike. Sai da ya yi da gaske ta yarda ta buɗe wa namiji baki. Farin tabo ne a cikin kunci, inda take ajiye tata tabar, bai kai faɗin farce ba. Na tura ta a ranar, na faɗa mata dalili. Aka yanke, aka ɗinke, ba gashi, ba komai. Shi Malam Bello, ciwon ya dawo masa a wuya, ya rasu da damina. Ita tana nan da ranta, ta aurar da jikoki.

Irin su Hajjo suna da yawa a cikin gidaje, waɗanda ba za su taɓa zama a kujerata ba, balle yanzu da mata suka fi son mace ta duba su. Ke za su buɗe wa baki. Na aika mata cewa kin zo garinsu, ta ce za ta zo ta ga 'yar Malam. In ta zo ki gaishe ta da kyau, ki ba ta wurin zama, sannan ki wanke hannu ki duba kuncin nan, don shekara ta zagayo ba a duba shi ba.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane. Ya ba ki ido mai gani da hannu mai sauƙi, Ya sa ki gama da kowa lafiya. Ya jiƙan Malam Bello, Ya yafe mini abin da na gaza. Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta da yara.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Idrisu.